Kula da Tsofaffi a Cikin Gidajensu a Ingila: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ingancin Aikin

Mutanenmu da suka zo Ingila karatu ko aikin asibiti shekaru 30 ko 40 da suka wuce, da yawansu yau girma ya kama su. 'Ya'ya na sammakon fita aiki, babu tsakar gida cike da jikoki da za a aika, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwanan Hajiya. Shi ya sa maganar ɗauko mai kula daga waje ta fara shiga gidajen da a da ko a mafarki ba su taɓa kawo ta ba. Bayanan da ke ƙasa sun shafi Ingila ne kawai. Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace na da hukumarta da dokokinta.

Mece ce kulawar cikin gida, kuma da me ta bambanta da gidan tsofaffi?

Ma'aikaci ne ke zuwa ya samu mutum a gidansa, ya taimaka masa da abin da ya fara gagararsa: tashi daga gado, wanka, sa tufafi, zagayawa, cin abinci, shan magani. Wani sau ɗaya ake zuwa masa a rana, wani sau huɗu, safe da rana da yamma da lokacin kwanciya. Akwai kuma wanda mai kular ke kwana a gidan gaba ɗaya. Manufar ita ce mutum ya ci gaba da zama a ɗakinsa, da makullinsa, yana yanke wa kansa shawara. Ba tsofaffi kaɗai ake yi wa ba, har da masu naƙasa da waɗanda aka sallamo daga asibiti.

Wa ke sa ido a kan kamfanonin da ke wannan aiki?

Hukumar CQC (Care Quality Commission), mai sa ido kan ingancin ayyukan lafiya da kulawa a Ingila, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2009. Duk kamfanin da ke taimaka wa mutane da abin da ya shafi jikinsu, kamar wanka da sa kaya da zuwa bayan gida, wajibi ne ya yi rajista da ita, kuma yin aikin ba tare da rajista ba laifi ne. Idan jami'anta suka je bincike, abubuwa biyar suke dubawa: ko mutane na cikin aminci, ko aikin na haifar da sakamako, ko ana yin sa cikin tausayi, ko yana bin buƙatar kowane mutum, da kuma ko shugabancin kamfanin na tafiya daidai. Daga nan sai su sa kamfanin a ɗaya daga matakai huɗu: fitacce, mai kyau, mai buƙatar gyara, ko wanda ya gaza. Doka ta tilasta wa kamfani ya nuna matakinsa a ofishinsa da shafinsa na intanet, kuma kowa na iya karanta cikakken rahoton kyauta.

A lura da wani giɓi. Kamfanin da shara da cefane kawai yake yi ba ya ƙarƙashin CQC. Haka ma mutumin da iyali suka ɗauka da kansu suna biyansa kai tsaye.

Idan an rubuta "mai kyau", hankali ya kwanta ke nan?

A'a. A fara duba ranar da aka yi binciken. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita kanta CQC, kuma rahotonta ya nuna cewa yawan binciken da hukumar ke yi ya ragu sosai, wasu wuraren sun yi shekaru ba a koma musu ba, wasu kuma ba a taɓa sa su a mataki ba sam. Matakin da aka bayar shekaru biyar da suka wuce labarin wani manaja ne da wataƙila ya daɗe da barin wurin. A wannan sana'a kuwa manajan reshe shi ne kusan komai: shi ke tsara wa zai je gidan wa, shi ke ɗaukar waya idan ma'aikaci bai zo ba.

Rahoton yana da amfani wajen tace kamfanonin da ba za a ko kusance su ba. Zaɓe tsakanin sauran kuwa, sai an zauna da su ido da ido.

To da me ake gane aiki mai inganci?

Abu na farko, fuskoki nawa ke shigowa gidan. Dattijon da mutum biyu ko uku ke yi wa hidima a mako, sun san shi ya san su. Sun san ƙafarsa ta hagu ce mai ciwo, sun san ba ya son a yi masa magana kafin ya idar da lazimi, kuma ranar da ya tashi ba kamar kullum ba, su ne za su fara lura. Ciwon mafitsara a jikin tsoho sau da yawa ba da zazzaɓi yake fara bayyana ba, da ruɗewa yake farawa, kuma baƙon da bai taɓa ganinsa ba zai ɗauka haka yake dama. Gidan da fuska goma sha biyu ke shiga a mako, kowa sabo ne, kowa sai an sake yi masa bayani, ga mai cutar mantuwa kuwa kowace safiya wani baƙo ne ke neman tuɓe masa riga. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yi wa kamfani ita ce: mutum nawa za su riƙa zuwa, kuma za a gabatar mana da su kafin su fara?

Na biyu, lokaci. Ziyarar safe da aka ce ƙarfe 8 amma aka zo 10:30 ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon suga da ke jiran karin kumallo, ko matar da ta kwana cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Haka ziyarar dare da ake zuwa ƙarfe 6:30 a kwantar da babban mutum tun rana ba ta faɗi ba, don kawai haka jadawalin ya zo. Kamfanoni da yawa yanzu ma'aikatansu na sa hannun shiga da na fita ta waya, kuma wasu na ba iyali damar gani. A nemi wannan dama.

Na uku shi ne wanda iyalanmu suka fi kuskurewa. Mun saba auna hidima da yawan abin da aka ɗauke wa babba: a ɗebo masa ruwa, a sa masa takalmi, kada ya motsa. A wannan aiki, ma'aikacin da ke yi wa tsoho komai yana iya zama shi ne ke raunana shi. A ɗauki misalin Baba da ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya yi nauyi. Mai kula na gari zai miƙa masa rigar ta ɓangaren hannun mai ciwo, ya tsaya yana jira Baba ya zura ɗayan da kansa, ya bar shi ya yi kokawa da maɓalli biyu na sama, sai ya ga ya gaji sannan ya ƙarasa masa. Zai ɗauki minti bakwai a abin da zai iya gamawa cikin minti ɗaya. Ɗan da ke tsaye a bakin ƙofa yana iya ganin kamar lalaci ne ko rashin ladabi. Amma bayan wata shida, wannan Baban yana sa rigarsa, wanda kuwa aka saba sa wa ya daina ko ɗaga hannu. Jikin tsoho yana saurin sakin abin da aka daina tambayarsa.

Sauran alamomin ƙanana ne, amma ba sa ɓuya. Ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga ɗaki? Da mutumin yake magana ko da 'yarsa, kamar shi ba ya wurin? Ya rufa masa tawul lokacin wanka? Ya bar ruwan sha da waya inda hannu zai kai kafin ya fita? Abin da ya rubuta a littafin ziyara yana da ma'ana, ko kullum "komai lafiya" ne?

An ce za a riƙa zuwa na minti 15. Ya isa?

Ga wanka da sa kaya da abinci, bai isa ba. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin lafiya da kulawa, ta faɗa a jagoran da ta fitar a 2015 cewa ziyarar da ba ta kai rabin awa ba, ta dace ne kawai idan mutumin ya san ma'aikacin, kuma ziyarar wani yanki ce na taimakon da ya fi haka faɗi, kuma lokacin zai wadatar ga wani takamaiman ƙaramin aiki ko duba lafiyarsa. Ba da magani da rana na iya shiga nan. Tayar da mutum daga barci a shirya shi ba ya shiga. Idan ƙaramar hukuma ce ta tsara hakan, a nemi a sake duba tsarin, a kuma kawo hujja a rubuce: ranar kaza an bar shayi bai sha ba, ranar kaza an fasa wanka.

Me ya sa ma'aikatan ke yawan makara da yawan sauyawa?

Kafin a ɗora wa wadda ta shigo tana haki laifi, a san yadda ranarta take. Yawancin aikin ƙananan hukumomi ne ke saye daga kamfanoni masu zaman kansu, a kan awa, wani lokaci ma a kan minti, kuma ƙungiyar kamfanonin ta daɗe tana kukan cewa abin da hukumomi da yawa ke biya bai kai ainihin kuɗin aikin ba. Albashin ma'aikata yana kusa da mafi ƙarancin da doka ta yarda, wanda ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025 ga masu shekaru 21 zuwa sama. Da yawa kwangilarsu ba ta ba su tabbacin ko awa ɗaya a mako ba. Doka ta ce tafiya daga gida zuwa gida aiki ce da dole a lissafa ta wajen mafi ƙarancin albashi, amma akwai kamfanonin da ke jera ziyara bayan ziyara ba tare da barin tazarar tafiya ba. Ma'aikaciyar da aka rubuta mata ta gama wani gida ƙarfe 8:30 ta kuma fara wani ƙarfe 8:30, a wata unguwar, kuma bas take hawa, dole ta yanke daga lokacin wani.

Akwai kuma ɓangaren da ya taɓa mu kai tsaye. A Fabrairun 2022 aka buɗe bizar aiki ga masu kula daga ƙasashen waje, kuma 'yan Najeriya da Ghana da Zimbabuwe da Indiya suka shigo da yawa. Wasu sun dace da kamfanoni na gari. Wasu dillalai sun karɓe musu maƙudan kuɗi, suka iso suka tarar babu awannin da aka yi musu alkawari, ga bizarsu a ɗaure da sunan kamfanin. A Maris 2024 aka hana sababbin masu zuwa kawo iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko masu kula daga waje. Ma'aikacin da ke tsoron ubangidansa ba zai iya buɗe baki ya ce jadawalin nan ba zai yiwu ba. Shi ya sa tambayar kamfani yadda yake biyan ma'aikatansa ba shisshigi ba ne. A tambaye su kai tsaye: kuna biyan lokacin tafiya? Manajanku shekara nawa ya yi a nan?

Za mu iya cewa mace ce kawai za ta yi wa Hajiya wanka? Alwala da abincin halal fa?

Ƙwarai kuwa, kuma tun ranar farko ya kamata a faɗa. Ƙa'idojin 2014 da kamfanoni ke aiki a ƙarƙashinsu sun wajabta musu kiyaye mutuncin mutum da la'akari da abin da yake so, har da addininsa da al'adarsa wajen abinci. Samun mace ga mace ba shi da wuya, domin kusan huɗu cikin biyar na ma'aikatan mata ne. Namiji ga Alhaji shi ne ke wahala, musamman ƙarshen mako, don haka a tambaya tun wuri abin da za su yi ranar da namijin ba ya nan.

Kada a tsaya ga faɗa da baki. Kowane mutum yana da takardar tsarin kulawarsa, kuma abin da ba ya cikinta kamar ba a faɗa ba ne. A rubuta dalla-dalla, domin ma'aikaciyar da ta taso a Poland ko Kerala ta Indiya ba za ta san buta ba sai an nuna mata: ana tsarki da ruwa bayan zagayawa, ana ba da abinci a hannun dama, ana cire takalmi ko a sa masa leda kafin a taka inda ake salla, kujerar salla ga inda take fuskanta. Idan azumi ya kusa, a zauna da likita kan lokutan magani makonni kafin ganin wata, sannan a nemi kamfani ya matsar da ziyarar yamma. Mai kula ba shi da ikon sauya lokacin magani da kansa.

Ta ina ake farawa, kuma wa ke biya?

Daga sashen kula da manya na ƙaramar hukumar da mutum ke zaune. Dokar Care Act ta 2014 ta wajabta musu tantance buƙatar duk wanda alama ta nuna yana neman taimako, kyauta, komai dukiyarsa. Bayan haka sai a duba aljihu. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Wanda ke ƙasa da haka hukuma na taimaka masa, ko da yake yana iya ba da wani abu daga kuɗin shigarsa. Ba a lissafa darajar gidan da mutum ke ciki idan a gidan ake kula da shi, abin da mutane da yawa ba su sani ba, har suke gudun neman taimako don tsoron a sayar musu da gida.

Abubuwa uku da ake yawan bari su wuce: taimakon farfaɗowa bayan sallama daga asibiti, wanda kyauta ne har zuwa mako shida, ƙananan gyare-gyare kamar ƙarfen dafawa a banɗaki, kyauta idan ba su wuce fam 1,000 ba, da alawus ɗin Attendance Allowance ga waɗanda suka kai shekarun fansho, wanda ba a duba dukiya kafin a bayar. Mai ciwo mai tsanani kuma yana iya cancantar NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ta ɗauki nauyin kulawarsa gaba ɗaya.

Ba za mu iya ɗaukar wani namu da ke jin Hausa ba?

Za ku iya. Maimakon hukuma ta turo kamfani, tana iya ba mutum kuɗin a hannunsa ya ɗauki wanda yake so. Ga tsohuwar da mantuwa ta fara cinye Turancinta ta koma harshen da ta tashi da shi, wannan babbar rahama ce. Sai dai iyali sun zama masu ɗaukar ma'aikaci ke nan: haraji, inshora, hutu, fansho, da neman madadi ranar da ta kwanta ciwo, duk a wuyansu. CQC ba ta duba ta. A nemi takardar DBS mai nuna ko mutum na da tarihin laifi ko an haramta masa aiki da masu rauni, ko da 'yar ƙawar Hajiya ce, a kuma tabbatar an koya mata ɗaga mutum ba tare da ta ji wa kanta ko shi ciwo ba. A bisa ƙa'ida ba a biyan ɗan'uwa na kusa da ke zaune a gida ɗaya da wannan kuɗi, sai hukuma ta ga babu makawa.

Baba ya ce ba ya son kowa ya shigo masa gida. Za mu iya tilasta masa?

Muddin hankalinsa na fahimtar abin da yake yankewa, a'a. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai hankalin kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yanke shawarar da wasu ke gani wauta ce ba hujja ba ce ta rashin hankali. Abin da ya fi yin aiki shi ne farawa da kaɗan: mutum ɗaya, sau biyu a mako, a kan abin da ba ya taɓa jiki, kamar raka shi masallaci ranar Juma'a. Sau da yawa ba taimakon yake ƙi ba, kunyar a ce 'ya'yansa sun kasa yake ji, ko su 'ya'yan ne ke jin ta a madadinsa. Ɗiyar da ke ɗauke da nauyin ita ma tana da haƙƙin a tantance buƙatarta a matsayinta na mai kula, kuma ana iya ba ta hutu.

Idan aikin ya lalace, ina ake kai ƙara?

A fara da manajan kamfanin, a rubuce, da rana da lokaci. Kowane kamfani dole ya kasance da hanyar karɓar ƙorafi. Idan ƙaramar hukuma ce ta shirya kulawar, ita ma a sanar da ita. Idan amsar ba ta gamsar ba, sai ofishin Ombudsman na ƙananan hukumomi da kula da jama'a, wanda ke duba ƙorafi kyauta, har na masu biya daga aljihunsu. CQC ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, amma tana son a sanar da ita, domin irin waɗannan bayanai na cikin abin da ke sa ta koma bincike.

Wasu abubuwan ba na jiran wasiƙa ba ne: tabo ko kumburin da babu bayaninsa, gyambon kwanciya da ba a faɗa wa kowa ba, kuɗi na ɓacewa, magani a cikin kwalinsa alhali an sa hannu cewa an bayar, ko tsoho ya riƙa firgita idan ya ji takun wani ma'aikaci. Waɗannan a kira sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukuma a ranar, doka ta ɗora musu bincike. Idan rai na cikin haɗari a kira 999. Iyalai da dama na yin shiru don tsoron kada a huce a kan tsohonsu, ko don tausayin ma'aikaciyar da suka san 'yar ƙasarsu ce mai neman na kanta. Ana iya neman a sauya ma'aikaci ba tare da an sauya kamfani ba, ana kuma iya neman hukuma ta sauya kamfanin gaba ɗaya, kuma ba a yarda a janye wa mutum kulawa don ya yi ƙorafi ba.